Dawar da Ba Ta Ga Dare Ba

A ɗakin girkin gidanmu na Gaya akwai wata ƙusa a bango, daidai saman murhu, wadda hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Tun da na yi wayo nake ganin ƙullin irin dawa rataye a jikinta. Duk kaka, kafin a kai komai rumbu, mahaifinmu zai zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika ido, ya ɗaure su, ya rataya a nan don hayaƙi ya kore musu ƙwari har damina ta zagayo. 'Yar Kademi muke ce wa dawar, don daga can kakanmu ya taho da ita. Fara ce mai ɗan ja a wuya, tuwonta kuma ko ya kwana ba ya sakin ruwa. A da kusan rabin unguwarmu ita ake shukawa. Sannu a hankali mutane suka koma irin zamani mai saurin nuna, har aka wayi gari ba mai ita sai mu biyu: yayana Gwadabe a Gaya, da ni Lauratu a Ajingi, inda aure ya kai ni. Ni ma na kafa tawa ƙusar a ɗakin girkina.

Mahaifinmu ne ya raba mana ita haka tun yana da rai. Ya ce kada mu kuskura mu tara ta wuri guda, don in ta ƙi a gonar wani ta yi a gonar ɗan'uwansa. Shekara da shekaru muna kan wannan, sai daminar bara ta zo da yaudara. Ruwa ya sauka da wuri, Gwadabe ya shuka, aka ɗauke ruwan, shuka ta ƙone. Ya sake zuba ragowar irinsa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai ga shi a Ajingi ranar kasuwa, ya zauna a tsakar gidana yana ta jujjuya hula a hannu. Ni kuwa a shekarar ciwon gwiwa ya kwantar da ni, gayaunata ko sharewa ba a yi ba. Na sa aka sauko masa da ƙullina gaba ɗaya. Na ce, "Yaya, ga ta nan. In ta yi, ka tuna rabon ƙusata a wurinka yake."

Ya ce, "Haba Lauratu, sai kin rasa inda za ki zuba."

Shuka ta uku ta kama, ta kuma yi kyau. Gonar ba wata babba ba ce. Ita kaɗai ta rage masa, don gari ya cinye sauran, gidaje sun kewaye ta ta gefe uku. Gefen da ya rage kuma yana kallon tsohon filin ƙwallo da ke bayan tasha, inda awaki ke yini da rana, mutane kuma ke tsoron bi da dare saboda duhu.

Shi Gwadabe mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, amma Allah ya yi shi da son yabo. In ka ce hularsa ta yi kyau, da ita zai kwana. Babban abin alfaharinsa kuwa bayan dawar shi ne 'yarsa Zulfa, wadda tun tana ƙarama ba ta barin tocila ta zauna lafiya sai ta kwance ta ta ga abin da ke ciki. Ta yi karatun zane da aikin lantarki a Kano, ta dawo gida da wata magana a bakinta. Wai a manyan birane ana yin biki wanda ba makaɗi ba maroƙi, fitilu kawai ake tsarawa a fili mutane su fito kallo, kuma ita ma irinsa za ta yi wa Gaya. Da ta faɗa mini a waya na ce, "To Allah ya kyauta. Mu da muka tsufa muna laluben ashana, yau fitila ce abin biki?"

Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ke dai ki zo. In ba ki ji daɗi ba ni zan goya ki har Ajingi."

Ƙungiyar matasan garin ta tsaya mata, wasu masu hali suka taimaka, aka ba su filin ƙwallon nan. Tsakiyar marka aka buɗe bikin, na ɗingisa na shiga mota na tafi, rabi don kallo, rabi don na samu abin da zan tsokane ta da shi.

Ban samu ba. Ana idar da sallar magariba fili ya kama gaba ɗaya. Ƙore ta sa aka huhhuda da zane iri-iri, aka sa ƙwan fitila a ciki, aka rataya a rassan darbejiya, sai hasken ya zubo ƙasa kamar aikin hula. Yara na ta tsalle suna taka shi. Tsohon tankin ruwan da ya yi tsatsa ya koma shuɗi, ya koma ja, ya koma ruwan zuma. A kewayen filin an kakkafa dogayen turaku na ƙarfe, kowanne da farantin sola a ka da farar fitila mai ƙarfi, wadda in allurarka ta faɗi sai ka tsince ta. Tsofaffin da suka ce shirme ne su suka fi kowa daɗewa a tsaye.

Ana cikin haka Gwadabe ya kira 'yarsa gefe. Ina tsaye kusa, a kunnena aka yi. Ya ce, "Zulfa, wai ita gonar tawa laifin me ta yi? Kin haska itatuwa, kin haska tanki, har katangar bayan tasha kin haska. Ga abu mafi kyau a filin nan kin bar shi cikin duhu."

Ta ce, "Baba, ai na ɗauka ba za ka so a dame ta ba."

"Wa zai dame ta? Ai gara ma, ɓarawo ba zai shiga ba, akuya ba za ta shiga ba. Juya mata, mutane su ga dawa."

Washegari ta hau tsani ta juya fitilun turakun wannan gefen duk suka kalli gonar, ta kuma jera wasu ƙanana masu launi a cikin kunya. A lokacin dawar ta kai kafaɗar mutum. Da magariba ta yi, iska ta ɗan taso, ganyen nan ya riƙa kaɗawa yana walƙiya daga sama, kore da ruwan zinariya suna tasowa daga ƙasa. Ba zan ɓoye ba, sai da na yi hawaye. Na tuna mahaifinmu, na ce da ma yana nan ya ga dawarsa ta zama abin kallon gari. Mutane suka bar tanki, suka bar ƙore, suka yi layi a bakin gonar suna ɗaukar hoto. Gwadabe kuwa ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tsaya a gefe, duk wanda ya tambaya ya ba shi tarihin 'yar Kademi tun daga kakanmu, har da wanda bai tambaya ba.

Mako guda aka shirya bikin zai yi. Ranar rufewa ciyaman ya zo, ya ga taron da bai taɓa gani ba a filin, ya karɓi lasifika ya ce fitilun nan ba inda za su, sun zama na gari har abada. Aka yi ta tafi. Aka naɗa kwamiti, aka garƙame akwatunan batir da kwaɗo, Zulfa ta miƙa makullai da hannunta tana murmushi. Fitilun ba sa bukatar mai kunnawa, in ji ta. Rana na faɗuwa za su kama da kansu, sai gari ya waye su mutu. Na koma Ajingi ina ba kowa labari har aka gaji da ni.

Damina ta ci gaba da tafiya. A gonakin Ajingi dawa ta ɗauki ciki, ta fid da kai, ta yi bununi. Na kira Gwadabe na ce, "Yaya, ya mutuniyar?"

Ya ce, "Sai kin gani da idonki. Ta wuce katangar gidan maƙwabcina."

"Kan fa?"

"Yana tafe. Kin san ta da yanga."

Na san ta da yanga, amma na kuma san lokacinta, don ba ta taɓa barin sauran dawa su yi mata nisa haka ba. Da na sake kira ya ce yana masallaci. Da na kuma kira, matarsa Hanne ce ta ɗauka, ta rage murya ta ce, "Lauratu, in kina da hali ki zo. Yayanki ba ya cin abinci."

Na same shi ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya kai ni gonar. Tunda nake ban taɓa ganin dawa irin wannan ba. Ta ninka tsawon mutum, kara kamar rake, ganye kore shar, sai sabon ganye take ta fitarwa a sama. Na ɗaga kai har kallabina ya zame, na duba daga wannan kunya zuwa waccan, ko guda ɗaya babu mai ciki. Ya ce ya ƙara mata taki, sai ta ƙara tsawo. Ya sa an yi sauka, ya yi sadakar waina. Muna tsaye wani mai a-daidaita-sahu ya rage gudu ya ɗaga masa hannu ya ce, "Malam Gwadabe, mai dawar da ta fi ta kowa." Yayana ya ɗaga hannu ya amsa, don bai san yadda ake ƙin amsa yabo ba.

Da na koma Ajingi na tari Abdulmumin, malamin gona da ke zaune a layinmu, na kwashe labarin na faɗa masa. Ya tambayi irin ƙasar, ya tambayi takin, ya tambayi lokacin shuka, duk na amsa. Sai ya ce, "Inna, ba dai gonar nan da ake ɗaukar hoto a gabanta ba ce?"

Na ce ita ce.

Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Inna, dawarmu ta gargajiya da tsawon dare take gane lokaci. In dare ya fara tsawo, sai ta san damina ta kusa tafiya, ta bar yin ganye ta ɗauki ciki. Wannan kuwa tun marka ba ta ga dare ba. A wurinta har yanzu damina ba ta yi nisa ba, shi ya sa take ta girma abinta."

Na ce, "Yanzu dawa ce ke lissafin dare?"

"Ta fi mu iyawa ma."

"To mene ne magani?"

"Duhu. Duhu sosai, kullum, na wasu makonni a jere, tun da sauran laima a ƙasa. In an yi sa'a za ta kama. Amma a yi sauri, Inna, ruwan bana ya kusa ɗaukewa."

Ban ko shiga gida ba, na wuce tasha. A tsakar gidan Gwadabe na zayyana musu, shi da Hanne da Zulfa. Da farko dariya ya yi, ya ce yaran zamani ba abin da ba za su faɗa ba. Zulfa ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko wayarta ta yi ta dannawa, ina kallon fuskarta tana sauyawa. Ta ɗago ta ce, "Gwaggo, gaskiya ya faɗa." Sannan ta juya wajen ubanta ta ce, "Baba, ni ce na..."

Ya katse ta. "Ni na ce ki juya su."

Daga nan muka shiga neman duhu, mu uku, ni da shi da Zulfa, kamar masu neman ɓataccen yaro. Ni a zatona abin ba zai wuce yini guda ba. Wadda ta kafa fitila ai ita ke kashe ta. Ashe fitilun sun daina zama na Zulfa tun ranar da aka yi tafin nan. Juya musu kai kawai ba zai wadatar ba, don ko an juya haskensu na isa gonar. Sai an kashe turakun wannan gefen gaba ɗaya, kashewa kuma sai da makulli, makulli kuma yana hannun Alhaji Bala, shugaban kwamiti.

Alhaji Bala ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Ya saurari yayana har ƙarshe yana girgiza kai, ya ce wallahi ya tausaya, shi ma ya ci tuwon 'yar Kademi a gidan kakarsa. Amma kayan nan yanzu na hukuma ne, shi ajiya kawai aka ba shi, ba zai iya kashe ko ƙwai ɗaya ba sai kwamiti ya zauna. Kwamiti kuma ba ya zama ba sakatare, sakatare ya tafi jinyar mahaifiyarsa a Kano. Muka je ofishin ciyaman aka ce yana Abuja. Mataimakinsa ya ce abin da ciyaman ya faɗa a gaban jama'a da lasifika, shi wane ne da zai warware? Kowa ya ba mu kujera, kowa ya ce Allah ya kyauta. Da wani ya zage mu ma da na ji sanyi, don da na samu wanda zan sauke wa abin da ke cina.

Na ce to bari na je filin da kaina na tara mutane. Na isa bayan magariba da faɗa cike da bakina. Filin da awaki ke yini ya zama kasuwa: mai shayi, mai tsire, masu gyaran waya, ga 'yan makaranta sun baje littattafai a kan tabarma suna shirin jarrabawa. A gindin turken da ya fi kowanne haska gonar kuwa, wata mata ce mai suna Kulu ke suyar awara. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ba ta san abin da ya kawo ni ba, ta zubo mini awara a takarda ta ce, "Gwaggon Zulfa, ki gaya wa 'yarku Allah ya yi mata albarka. Tun da aka kafa fitilar nan 'ya'yana ba su kwana da yunwa ba." Na karɓa, na ce amin. Faɗan da na zo da shi na koma da abina gida.

Gwadabe ya ce tunda ba a kashe haske, bari mu tare shi. Ya sayo zana ya kakkafa a bakin gonar, dawar ta leƙo ta samanta kamar raƙumi a bayan danga. Muka zauna ni da Hanne muka ɗinke buhuna, aka ɗaura a dogayen gora aka tsayar. Hadari ya taso da iska ya kwantar da su a kan dawar, ya karya kunya biyu. Shi ne ruwan kirki na ƙarshe da aka yi a shekarar, mu ba mu sani ba.

Zulfa ta gaji, ta ɗauki tsani ba da izinin kowa ba, ta hau ta lulluɓe fitilun gefen da buhuna. Kafin a kira isha'i wani ɗan acaɓa ya faɗa kwatar da ke bakin gonar, don ya saba da haske ya daina kunna tasa fitilar a wurin. Bai ji ciwo sosai ba, amma mutane suka taru. 'Yan sintiri suka zo suka sauke buhunan, suka ninke su tsaf suka miƙa wa yayana. Babbansu har da rusunawa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, mu ma umarni aka ba mu."

Bayan wannan Gwadabe ya koma addu'a. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana mita in an ɗauke wuta, yanzu kullum idonsa na sama yana roƙon gajimare ya rufe rana, ko batiran za su kasa cika. Wata rana aka yini da lumshi, ya shigo gida da fara'arsa ya ce, "Zulfa, yau kam ai ba za su kai asuba ba ko?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Za su kai, Baba. Masu kyau na zaɓa."

Ranar bayan an yi isha'i na bi shi bakin gonar. Yana tsaye hannuwansa a baya, inuwarsa ta miƙe cikin kunya. Dawar na ta sheƙi, wasu samari na ɗaukar hoto a can gefe. Ya ce, "Lauratu, duhu fa. Abin da ba a taɓa saye ba, ba a taɓa roƙo ba. Ni ne yau nake yawon ofis-ofis ina nemansa." Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi.

Don kada na zauna haka, na hau mota na tafi Kademi, ko Allah zai sa wani tsoho ya ɓoye irin. Na bi gida-gida. Matasa ba su ma taɓa jin sunanta ba. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta riƙe hannuna ta ce ta tuna da ita, mai jan wuya, ta ce in na samu don Allah na kawo mata ko na kunu ne. Da na koma Ajingi na durƙusa a ɗakin girkina da gwiwar nan tawa, na tone tsagar bangon da ke ƙarƙashin ƙusa da tsinke. Na samu 'yan ƙwayoyi. Ina murza su suka zama gari, ƙwari sun riga ni.

Sai da aka fara yankan dawa a gonakin mutane sannan sakatare ya dawo, kwamiti ya zauna. Kafin shayinsu ya huce sun gama. Kowa ya yarda a kashe gefen gona har a yi girbi, wani ma cewa ya yi me ya sa ba mu yi magana da wuri ba. Na buɗe baki, Hanne ta taka mini ƙafa.

Zulfa ta karɓi makulli ta kashe da hannunta. Kulu ta ɗauke kaskonta ta koma can ƙarshen fili, inda ciniki bai kai na nan ba, wannan ma ya tsaya mini a rai. Da magariba ta yi gonar ta yi duhu, karo na farko tun marka. Muka zauna a bakinta mu huɗu, ba ma ganin fuskar juna, sai ƙarar ganye. Amma ƙarar ta sauya. A da shuu take yi, yanzu ƙwaras-ƙwaras, don ganyen ƙasa ya fara bushewa.

Muka koma ban ruwa. Gwadabe ya yi ta turo jarkoki a kura daga famfon unguwa, Zulfa na zubawa a gindin kunyoyin da suka fi ƙarfi. Kara mai wannan tsawo, me jarka za ta yi masa? Kana zubawa ƙasa ta shanye, ta sake tsagewa. Rawaya ta riƙa hawa daga ƙasa, kullum sai ta ci ganye ɗaya ko biyu, har ta kai sama. Kullum da safe yayana zai zaga gonar kansa a ɗage, ya dawo yana murza wuya.

Rannan wani Bafulatani mai suna Bubayero, wanda ke kiwo a bayan gari, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce ya daɗe yana kallon gonar nan, bai taɓa ganin karmami mai yawa da kyau irin wannan ba, in za a sayar yana so tun bai gama bushewa ba. Ya yi ta yabonta, tsakaninsa da Allah. Wannan karon Gwadabe bai amsa yabon ba. Ya ce, "Ka zo gobe da amalanke. Ka bar maganar ciniki."

Da safe muka fita gaba ɗaya. Yayana ya ce shi zai fara sara. Ya kai wa kara na farko, ya faɗi da tsawonsa har kansa ya taɓa hanya. Maimakon ya wuce na biyu, sai ya bi shi har ƙarshe, ya tsuguna, ya sa farce ya tsaga saman. Ya ɓare ganye, ya ɓare na cikinsa, ya ɓare na cikin wannan. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Lauratu, zo ki gani."

A tafin hannunsa akwai wani ɗan abu da bai kai ɗan yatsana ƙarami ba, fari-fari mai taushi, da 'yan rassa sirara a jere. Zangarniya ce, komai nata ya fito, sai dai ba ƙwaya ko ɗaya. Ya tsaga kara na biyu, ita ma akwai. Na uku ma haka. Duk gonar ta ɗauki ciki.

Ya ce, "Kin gani? Tana ganin dare ta gane."

Zulfa ta juya mana baya ta rufe fuska da mayafi. Bubayero ya tsaya riƙe da igiyar shanunsa, bai san abin da ake kallo ba. Yayana ya sa 'yar zangarniyar a aljihun gaba, ya ɗauki addarsa ya ci gaba da sara har rana ta take.

Da yamma, ina haɗa kayana zan koma Ajingi, na hango shi ya shiga ɗakin girki, wurin da rabonsa da shi tun ranar da ya sauko da iri. Na bi shi. Yana tsaye gaban murhu yana ƙoƙarin ɗaura 'yar zangarniyar a ƙusa, amma ta yi ƙanƙanta, igiya ba ta kama ta, sai zamewa take. Zulfa ta shigo, ta tsaya ta kalle shi, ta laluba jakarta ta ciro wani siririn zaren waya na jan ƙarfe, ragowar aikinta. Ta karɓa ta naɗe gindin a hankali, ta yi masa ɗan maƙali, ta miƙa masa. Ya rataya. Hanne ta hura wuta, hayaƙi ya tashi ya lulluɓe ta.

Na ce, "Yaya, ka dai san ba za ta tsiro ba."

Ya ce, "Na sani. Ƙusar ce ba na so a gani haka."